Gidan Harewood na Ƙasar Ingila: Tarihinsa, Fasalin Gininsa da Tushen Dukiyar da Ta Gina Shi

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Ingila akwai wani nau'in gini da manyan masu filaye suka riƙa kafawa a tsakiyar gandayensu, nesa da hayaniyar birni, musamman daga ƙarni na 16 zuwa na 19. A wannan maƙala za a kira shi "gidan karkara". Sai dai kada kalmar karkara ta sa mai karatu ya zaci ɗan gidan gona ake nufi, domin irin wannan gini ya fi kama da fada: a nan mai gida yake zaune da iyalinsa da barorinsa, a nan ake karɓar kuɗin hayar gonaki, a nan kuma ake saukar manyan baƙi a ƙulla shawarwarin siyasa.

Maƙalar ta ɗauki gida ɗaya a matsayin misali, wato Gidan Harewood da ke lardin Yorkshire, kimanin mil 7 arewa da birnin Leeds. An gina shi tsakanin 1759 da 1771 bisa salon da Turawa suka gada daga tsofaffin gine-ginen Girka da Rum. Za a dubi asalin wannan salo, da iyalin da suka gina gidan, da fasalinsa ciki da waje, da sauye-sauyen da ya fuskanta. Abin da ake son nunawa shi ne, tarihin ginin da tarihin kuɗin da aka gina shi da su abu ɗaya ne, kuma duk wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya, rabin labari ya ji.

2.0 Asalin Salon Ginin

Salon da ake magana a kansa yana da dogon tarihi. Tun a ƙarni na farko kafin Miladiyya wani masanin gini na daular Rum mai suna Vitruvius ya rubuta littafi inda ya nuna cewa gini nagari yana buƙatar ƙarfi da amfani da kyan gani. A wajensa kyan gani yana samuwa ne daga daidaiton awo, wato kowane sashe na gini ya dace da ɗan'uwansa kamar yadda gaɓoɓin jikin mutum suka dace da juna.

Wanda ya ɗauko wannan ilimi ya ɗora shi a kan gidan karkara shi ne Andrea Palladio (1508–1580), mai zayyanar gine-gine a yankin Vicenza na ƙasar Italiya. Attajiran yankin sun zuba dukiyarsu a harkar noma, saboda haka suna buƙatar gidajen da za su zauna su sa ido a kan gonakinsu. Palladio ya tsara musu gida mai babban ɗaki a tsakiya, da sassa biyu masu kama da juna a dama da hagu, inda ake ajiye hatsi da dabbobi da kayan aiki. A fuskar gidan kuma sai ya kafa jerin ginshiƙai masu ɗauke da goshi mai kusurwa uku, irin wanda ake gani a wuraren bautar Girkawa da Rumawa na dā. A 1570 ya wallafa littafinsa mai juzu'i huɗu a kan ilimin gini, mai ɗauke da zane-zane da awo, kuma ta hanyar wannan littafi ne salon ya ƙetara zuwa wasu ƙasashe.

A Ingila, Inigo Jones ne ya fara aiki da wannan salo a farkon ƙarni na 17, amma bai game ƙasa ba sai bayan 1715. Daga wannan lokaci ya zama abin yayi ga masu mulki. Dalili kuwa shi ne, 'ya'yan manya sukan yi doguwar tafiya zuwa Italiya don kammala iliminsu, su dawo suna kallon kansu a matsayin magadan dattawan daular Rum. Gida mai ginshiƙai yana shaida wa mai wucewa cewa mai shi yana da ilimi, yana da asali, kuma ya cancanci a ba shi ragamar jama'a.

Akwai kuma dalili na tattalin arziki da siyasa. A Ingila ta ƙarni na 18 mallakar ƙasa ita ce matakalar mulki, domin 'yancin jefa ƙuri'a a larduna da cancantar shiga majalisa duk sun rataya ne a kan dukiya, musamman ta fili. Ɗan kasuwa komai kuɗinsa ba ya kai darajar mai ƙasa. Bugu da ƙari, al'adar gado a tsakanin manyansu ita ce babban ɗa namiji ya gaje gida da filaye gaba ɗaya, ba a rarraba su. Wannan ya sa mutum yake iya zuba dukiya mai yawa a gini ɗaya da tabbacin cewa zai daɗe a hannun zuriyarsa.

3.0 Iyalin Lascelles da Hanyar Arzikinsu

Iyalin Lascelles mutanen arewacin Yorkshire ne masu matsakaicin hali, waɗanda wasu daga cikinsu suka tafi neman arziki a tsibirin Barbados da ke yankin Karibiyan tun a ƙarni na 17. A lokacin tsibirin ya koma gandun rake kusan baki ɗayansa, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ne suke noman raken, su sare shi, su matse shi, su dafa ruwansa ya zama sukari.

Wanda ya tara dukiyar iyalin shi ne Henry Lascelles (1690–1753). Ya riƙe muƙamin mai karɓar kuɗin kwastan a Bridgetown, babban garin Barbados, ya kuma sami kwangilar samar wa jiragen ruwan yaƙin Birtaniya abinci a yankin. Yana sayar da sukari a Landan a madadin masu gandaye yana karɓar la'ada, yana kuma ba su bashi da ruwa. Har ila yau, yana da hannu dumu-dumu a cinikin bayi. Daga wajajen 1736 shi da abokan kasuwancinsa suka girke jiragen ruwa a gaɓar Anomabu, a ƙasar Gana ta yau, inda ake tara mutanen da aka saya a tsare su a kan ruwa har zuwa lokacin da wasu jiragen za su zo su kwashe su zuwa ƙetaren Tekun Atilantika. Bayan ya koma Ingila ya zama ɗan majalisa, ya kuma zama ɗaya daga cikin daraktocin Kamfanin Gabashin Indiya.

A 1738 Henry ya sayi filayen Gawthorpe da Harewood, waɗanda suke maƙwabtaka da juna. Da wannan ciniki ne kuɗin fatauci suka rikiɗa suka zama ƙasa. Bayan rasuwarsa a 1753, babban ɗansa Edwin Lascelles, wanda aka haifa a Barbados, ya gaji filayen. Akwai tsohon gida a wurin mai suna Gawthorpe, a cikin kwari, amma Edwin ya ga bai dace da matsayinsa ba, sai ya ƙudiri aniyar gina sabo a kan tudu.

A nan akwai abin lura. A lokacin da ake gina gidan, iyalin ba su mallaki gandayen rake masu yawa ba. Ribarsu ta fi fitowa daga fatauci da la'ada da bashi. Gandayen sun shigo hannunsu ne daga baya, yayin da waɗanda suka ci bashin suka kasa biya aka karɓe abin da suka jinginar. Masanin tarihi S. D. Smith, wanda ya wallafa littafi a kan iyalin a 2006, ya nuna cewa tsakanin 1773 da 1787 sun mallaki fiye da eka 27,000 a tsibiran Barbados da Jamaika da Grenada da Tobago, tare da bayi kusan 3,000. Ke nan, ko ta fatauci ko ta bashi ko ta noma, gumin bayi ne tushen dukiyar.

4.0 Fasalin Ginin

4.1 Waje

Edwin ya ɗauki John Carr (1723–1807), ɗan Yorkshire wanda ya tashi a gidan masu sassaƙa dutse, ya zayyana masa gidan. An aza harsashi a 1759, aka yi aikin da dutsen da ake fasawa a yankin. Carr ya bi tsarin Palladio: babban gini a tsakiya mai tagogi tara a jere, sai gajerun sassa biyu da suka haɗa shi da wasu ƙananan gine-gine biyu a gabas da yamma. Idan aka ja layi ta tsakiyar ƙofar shiga, abin da ke dama shi ne ke hagu, taga da taga. A fuskar arewa, inda baƙi suke shigowa, ginshiƙai shida masu adon ganye a kawunansu suna tallafe da goshi mai kusurwa uku. A fuskar kudu kuwa, wadda take kallon kwari, an yi rumfar ginshiƙai da ta fito daga jikin bango.

Bambancin da ke tsakanin wannan gida da na Palladio yana da muhimmanci. A Italiya sassan gefe rumbuna ne da turakun dabbobi, wato ana ganin sana'ar da ke ciyar da gidan tun daga ƙofa. A Harewood sassan gefen ɗakunan zama ne da na baƙi. Bargar dawaki an ware ta can gefe, gonakin da suka fi kawo riba kuwa suna can ƙetaren teku, dubban mil daga inda ake cin moriyarsu.

4.2 Ciki

Adon cikin gidan aikin Robert Adam (1728–1792) ne, ɗan ƙasar Sikotilan wanda ya dawo daga Italiya a 1758 bayan ya yi shekaru yana nazarin kufan gine-ginen Rumawa. Adam ya yi fice wajen tsara ɗaki a matsayin abu ɗaya, tun daga rufi zuwa bango zuwa shimfiɗar ƙasa. Misali mafi bayyana shi ne ɗakin kiɗa, inda da'irorin da aka zana a rufi suka sake bayyana a jikin kafet ɗin da ke ƙasa. Joseph Rose ne ya yi adon yaɓe na rufin ɗakunan, masu zane irin su Antonio Zucchi da Angelica Kauffman da Biagio Rebecca kuma suka ƙawata su da hotuna.

An jera manyan ɗakunan ne ta yadda baƙo zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Zai fara da zauren shiga mai ginshiƙai da kwarjini, ya ratsa ɗakunan karatu da na hira, har ya isa doguwar taskar hotuna mai tsawon ƙafa 76, wadda ta mamaye gefen yamma gaba ɗaya. Kowane ɗaki yana ƙara wa baƙo sanin girman mai masaukinsa.

Kayan ɗakin kuwa Thomas Chippendale (1718–1779) ne ya yi su. An haife shi a garin Otley, kusa da Harewood, ya kafa sana'arsa a Landan har ya zama kafinta mafi suna a Ingila. Aikin Harewood shi ne kwangila mafi girma a rayuwarsa, domin kuɗinta ya haura fam 10,000, kuma ta haɗa da kujeru da tebura da gadaje da madubai da labule da takardar bango. Daga cikin abubuwan mamaki akwai kawunan labulen taskar hotuna, waɗanda aka sassaƙa da katako aka shafa musu launi har mai kallo yakan ɗauka yadi ne ya sauko. Duk da yawan dukiyar Edwin, sai da Chippendale ya yi shekaru yana jiran a biya shi haƙƙinsa. Ya kamata a ƙara da cewa jan katakon mahogani da kafintocin Ingila suka fi so a wancan zamani daga Jamaika da maƙwabtanta ake kawo shi, kuma bayi ne suke sarar itatuwan.

A ƙarƙashin waɗannan ɗakuna akwai wata duniyar daban: madafa mai rufin baka, da ɗakunan ajiya, da wuraren aikin barori. An tsara hanyoyinsu da matakalansu ta yadda abinci da gawayi da ruwan zafi za su isa sama ba tare da baƙo ya yi kiciɓis da wanda ya ɗauko su ba.

4.3 Farfajiya da Daji

Gidan karkara ba ya cika sai da filin da ke kewaye da shi. Wannan aiki an danƙa shi ga Lancelot Brown (1716–1783), wanda ya fi kowa suna wajen tsara filaye a Ingila, ya kuma yi aiki a Harewood a shekarun 1770 zuwa farkon 1780. An rushe tsohon gidan Gawthorpe, aka datse rafin da ke kwarin ya zama tafki mai faɗin eka 32, aka shuka itatuwa rukuni-rukuni a kan tuddai. Manufar ita ce wanda ya leƙo ta taga ya ga ciyawa da ruwa da kurmi kamar haka Allah ya halicce su, alhali kuwa kowane tudu da kowace inuwa da awo aka yi su. Ƙauyen Harewood ma sake gina shi aka yi a bakin ƙofar shiga, bisa zanen Carr. A 1797 matashin mai zane J. M. W. Turner ya zo ya zana hotunan gidan da kewayensa, kuma ta wurinsu ne ake ganin kamanninsa na farko.

5.0 Sauye-sauyen Ƙarni na 19

Edwin ya sami sarautar Baron a 1790, ya rasu a 1795 bai bar ɗa ba. Ɗan'uwansa Edward Lascelles ya gaje shi, aka ɗaga shi zuwa sarautar Earl a 1812. Cikin shekaru 74 da sayen filin, zuriyar mai karɓar kwastan ta shiga sahun manyan sarakunan Ingila.

A wannan zamani ne gwagwarmayar hana bauta ta yi ƙarfi, kuma ta iso har ƙofar gidan. A 1807, shekarar da majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi, Henry Lascelles, ɗan Edward, ya tsaya takarar ɗaya daga cikin kujeru biyu na Yorkshire. Abokan takararsa su ne William Wilberforce, jagoran masu yaƙi da cinikin bayi, da Lord Milton. Iyalin sun kashe kuɗi masu ɗimbin yawa, abokan hamayya kuma suka riƙa yi masa gori da gandayen Barbados. Henry ya zo na uku, ya rasa kujerar.

A 1833 majalisa ta zartar da dokar soke bauta a mafi yawan ƙasashen da Birtaniya take mulka, ta kuma ware fam miliyan 20 domin biyan diyya. Diyyar ta iyayen gijin bayi ce, saboda doka ta ɗauki bawa a matsayin dukiyar da aka raba mai ita da ita. Henry, wanda a lokacin ya zama Earl na biyu, ya karɓi fiye da fam 26,000 a kan mutane fiye da dubu. Su kuwa waɗanda aka 'yanta ba a ba su ko anini ba, aka ma tilasta musu ci gaba da yi wa iyayen gijinsu aiki da sunan koyon sana'a har zuwa 1838. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

A shekarun 1840 aka yi wa ginin gyara mafi girma. Earl na uku da matarsa Louisa suna da 'ya'ya 13, gidan ya yi musu kaɗan. Suka kira Charles Barry, wanda ya zayyana ginin majalisar dokoki ta Landan. Barry ya ƙara bene a sama, ya cire rumfar ginshiƙan fuskar kudu, ya gina faffaɗan dandamali mai matakalai da maɓuɓɓugan ruwa da furanni irin na Italiya. Ya kuma sauya wasu ɗakunan Adam. Saboda haka gidan da ake gani a yau haɗin gwiwar zamani biyu ne, na Carr da Adam da kuma na Barry.

6.0 Daga Gidan Iyali Zuwa Gidan Tarihi

A 1922 magajin gidan ya auri Gimbiya Mary, 'yar Sarki Joji na Biyar kuma goggon Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Ta zauna a Harewood daga 1930 har rasuwarta a 1965. Ita ce ta ziyarci Nijeriya a 1957 ta buɗe Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan. A lokacin yaƙe-yaƙen duniya biyu an mayar da gidan asibitin jinyar sojoji.

Bayan yaƙi na biyu yanayin tattalin arziki ya juya wa irin waɗannan gidaje baya. Barori sun yi tsada, harajin gado ya yi nauyi, har aka rushe ɗaruruwan gidajen karkara a faɗin Birtaniya saboda masu su sun kasa riƙe su. Da Earl na shida ya rasu a 1947, sai da magajinsa ya sayar da filaye masu yawa ya biya haraji. A farkon shekarun 1950 aka buɗe gidan ga masu ziyara, a 1975 iyalin suka sayar da gandunsu na ƙarshe a Barbados, a 1986 kuma aka kafa gidauniyar da take kula da gidan da kayan cikinsa domin ilimantar da jama'a.

An daɗe ana nuna wa baƙi rufin Adam da kujerun Chippendale ba tare da an ambaci rake ba. Wannan ya fara sauyawa ne bayan da aka miƙa takardun kasuwancin iyalin na Karibiyan ga ma'ajiyar Borthwick ta Jami'ar York, masu bincike suka sami damar duba su. A 2007, yayin cika shekara 200 da haramta cinikin bayi, an gabatar da wasan Carnival Messiah na Geraldine Connor a harabar gidan. A 2023 aka ƙaddamar da hoton ɗan wasan kwaikwayo David Harewood a gidan, mutumin da kakanninsa bayi ne a gandun iyalin a Barbados, kuma daga nan sunansa ya samo asali. A wannan shekarar ce David Lascelles, Earl na takwas, ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar zuriyar masu bayi da ke goyon bayan a gyara ɓarnar da bauta ta yi.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga yadda salon da ya faro daga Rum, ya bi ta hannun Palladio, ya zama tufar da sabon arziki yake sawa don a ɗauke shi tsohon asali. An kuma ga cewa tsarin Gidan Harewood ya ginu ne a kan ɓoye aiki da ma'aikaci: barori a ƙarƙashin bene, barga a gefe, gandayen rake a ƙetaren teku. Ƙwarewar Carr da Adam da Chippendale da Brown gaskiya ce da ba a musunta, haka nan jiragen Anomabu da takardun diyyar shekarun 1830.

Ga malamin da zai yi amfani da wannan misali a aji, tambayoyi biyu sun isa su buɗe darasin: wa ya gina wannan gida, kuma wa ya biya? Amsar ta farko tana da sunaye da shekarun haihuwa da na rasuwa. Amsar ta biyu tana cikin littattafan lissafin gandaye, inda aka jera mutane da suna ɗaya tak da ƙimar kuɗinsu, kusa da shanu da tukwanen dafa sukari.